Ɗamarar Mota da Amanar Rai: Nasiha ga Ƴan Uwa Matafiya

Da sunan Allah muke farawa, Shi muke yi wa godiya a kan ni'imar rai da ni'imar lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da shehunanmu da suka riƙe hannunmu a kan hanya.

Bayan haka, ƴan uwa ahbabu, abin da zan yi magana a kansa ƙarami ne a ido: ɗamarar nan da ke rataye a gefen kujerar mota, wadda wasu ke ce wa bel. Wani zai ce me ya haɗa zawiya da ɗamarar mota? Rai ne ya haɗa su. Ran da muke sallah da shi, muke wuridi da wazifa da shi, shi ne muke ɗorawa bisa kwalta kusan kullum. Kuma mu mutanen ɗariƙa matafiya ne: yau ziyara, gobe maulidi, jibi ta'aziyya ko neman karatu.

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa har Damagaram, ya san wannan ɗabi'a. Ana hango jami'an hanya sai direba ya jawo ɗamara ya ratayo a ƙirji, ya ce wa na kusa da shi ya yi haka. Ana wuce su sai a saki. Wani ma ya maƙala ta ta bayan kujera tun asali, don kawai mota ta daina yi masa ƙara. In ka tambayi dalili, amsa biyu za ka ji. Ɗaya ya ce: "Raina ne, ba na gwamnati ba, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa." Ɗaya kuma ya ce: "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu masu tawakkali ne." Ta farko an fi jin ta a bakin matasa ƴan makaranta irinmu, ta biyu kuwa a cikinmu take, mu ma'abota zikiri. Dukansu biyu sun cancanci amsa ta ilimi, ba ta zagi ko raini ba.

Abin da ɗamara ke yi

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi. To mu fara sanin abin.

Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa, jikinka ma gudun da yake yi ke nan, ko da kana zaune kana jan tasbaha. Idan ta daki wani abu ta tsaya nan take, jiki bai tsaya ba. Zai ci gaba da tafiya har sai ya haɗu da abin da zai tare shi, ko sitiyari, ko gilashi, ko kan ɗan uwanka, ko kwalta. Ƙarfin wannan bugu daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsawon kusan mita 10, wato kamar saman bene mai hawa uku. In gudun ya kai kilomita 100, ƙarfin ninki huɗu yake yi ba biyu ba, kamar faɗowa daga kusan mita 40. Babu mai hankalin da zai tsaya a bakin rufin irin wannan bene ba tare da madogara ba, amma kullum muna yin kwatankwacin haka a zaune.

Ɗamara tana riƙe mutum a ƙasusuwan ƙugu da kafaɗa da ƙirji, wuraren da suka fi jure bugu, ta rarraba ƙarfin, ta hana a cillo shi waje. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya tsara irin wadda muke gani yau, mai maɗauri uku, kamfanin Volvo ya fara sa ta a motocinsa a 1959, sannan ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da tsarin ba tare da biya ba. Jihar Victoria ta Ostareliya ta kafa dokar tilasta ɗaura ta a 1970, Faransa ta fara a 1973, Birtaniya a 1983, jihar Niyok ta Amurka a 1984. Ƴan kasuwarmu masu ƙetarawa Katsina da Kano sun san cewa hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya ta fara tilasta ta tun 2003.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne ya fi kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. In aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ke kan gaba a wannan musiba, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Hukumar ta kuma ce ɗaura ɗamara na rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota har kusan da rabi. Wannan ba zato ba ne, abu ne da aka ƙirga shekara da shekaru a ƙasashe masu yawa.

Ran na wane ne?

Mu koma ga mai cewa ransa ne. Wannan magana tana da asali a falsafar Turawa. Wani masani ɗan Ingila, John Stuart Mill, ya rubuta littafi a kan ƴanci a 1859, inda ya tafi a kan cewa hukuma ba ta da ikon tilasta wa baligi mai hankali wani abu sai don hana shi cutar da wani. Amfanin kansa kaɗai bai isa hujjar tilasta masa ba. Da irin wannan hujja aka yi ta ja da dokar ɗamara a Birtaniya da Amurka, har yau ma jihar New Hampshire ba ta tilasta wa manya ɗaura ta.

Ba mu ce maganar duka ɓata ce ba. Musulunci ya san darajar ƴancin mutum, ya hana bin diddigin asirin mutane, ya hana shiga gidansu ba izini, ya hana cin dukiyarsu ba da yardarsu ba. Amma tushen maganar ya saɓa da namu a wuri guda: shi yana ganin mutum ne mamallakin kansa, mu kuwa mun san aro aka ba mu. Ba kai ka halicci ranka ba, ba a shawarce ka ranar da aka busa shi ba, ba za a shawarce ka ranar karɓarsa ba. Wanda aka ba ajiya ba ya cewa zan yi yadda na ga dama da ita. Shi ya sa Allah Ya hana mu kashe kawunanmu a Suratun Nisa'i aya ta 29, Ya hana mu jefa kawunanmu cikin halaka a Suratul Baƙara aya ta 195. Kiyaye rai kuma ɗaya ne daga cikin abubuwa biyar da Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi suka bayyana cewa shari'a ta zo ne don tsare su: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya.

Sannan ko da mun bi ma'aunin Mill ɗin, shin gaskiya ne wanda ya ƙi ɗamara kansa kaɗai yake cutarwa? Ka duba wanda ke zaune a baya bai ɗaura ba. Lokacin karo, jikinsa gaba ɗaya yana faɗawa kan kujerar gaba da ƙarfin da muka ambata. Wani bincike da aka yi a Jafan, aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2002, ya nuna cewa na gaba da ya ɗaura ɗamararsa haɗarin mutuwarsa yana ninkawa kusan sau biyar idan na bayansa bai ɗaura ba. Wato kana iya zama sanadin ajalin direban da ya ɗauko ka, ko mahaifinka da ke zaune a gabanka. Direba kuma in bai ɗaura ba, tangaɗi ɗaya ko rami ɗaya na iya raba shi da sitiyari, mota ta tafi da kowa.

A nan ne misalin jirgin ruwa da Annabi (SAW) ya buga yake zuwa, wanda Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir. Mutane ne suka yi ƙuri'a, wasu suka samu saman jirgi, wasu ƙasa. Na ƙasa suka ga hawa sama ɗebo ruwa yana damun na sama, sai suka yi shawarar huda rabonsu. Ka lura, ba mugunta suka nufa ba, kuma wurin da za su huda nasu ne. Amma in aka ƙyale su kowa ya nutse, in aka riƙe hannunsu kowa ya tsira, har da su. Mota jirgi ce a kan tudu. Kujerarka taka ce, ka biya kuɗinta, amma ramin da za ka huda ba kai kaɗai zai ci ba.

Bayan waɗanda ke cikin mota, akwai waɗanda ke gida. A ƙasarmu mutum ɗaya yakan ɗauki nauyin baki goma ko fiye. In ya rasu, ga marayu, ga mata cikin takaba, ga tsofaffi ba mai kawo musu hatsi. In ya karye a ƙashin baya, ga gona da za a sayar, ga bisashe da za a kai kasuwa, ga yarinya da za a cire daga makaranta ta zauna jinya. Gadon asibitin da ya kwanta a kai, da jinin da aka ƙara masa, da lokacin likitan fiɗa, duk abubuwa ne da ba su ishe mu ba, wata mai haihuwa ko wani yaro na jiran su. Lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abud Darda'i yana takura wa jikinsa da azumi da tsayuwar dare, ya tunatar da shi cewa jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. To in ibada ma ba a yarda ta zama hanyar tauye wannan haƙƙi ba, ina ga ƙyuya ko son kada shadda ta yamutse?

Ikon hukuma da iyakarsa

Wani zai ce: na yarda ɗamara tana da amfani, amma ina aka samu hukuma ta ci ni tara a kan abin da babu aya babu hadisi a kansa?

Mu Malikawa wannan ba baƙon babi ba ne a wurinmu. Mazhabar Imamu Malik ta shahara da aiki da maslahar da shari'a ba ta ambace ta da suna ba amma ta dace da manufofinta, da kuma toshe ƙofar da ke kaiwa ga ɓarna. Allah Ya yi umarni da ɗa'a ga majiɓinta al'amari a Suratun Nisa'i aya ta 59, matuƙar ba saɓon Allah suka yi umarni da shi ba. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas da ta yi a ƙasar Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma hukuma na da damar hukunta mai karya su.

Taƙaita wa mutum ƴancinsa don kare jama'a kuwa yana da misalai tun zamanin farko. An umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya karce wani. An hana wanda ya ci ɗanyen tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci, alhali abincin halal ne kuma bakinsa ne. An hana wanda annoba ta samu garinsu fita daga cikinsa, duk da cewa fita ita ce abin da ransa zai fi so. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya ga wata mata mai cutar kuturta tana ɗawafi, ya nemi ta zauna a gida don kada ta cutar da mutane, ta zauna. Idan an iya taƙaita ɗawafin Ɗakin Allah don maslahar jama'a, sanya ɗamara na ƴan daƙiƙu bai kai a kira shi zalunci ba.

Amma adalci shi ne a faɗa wa kowane ɓangare nasa. Ikon hukuma a kan talakawa an ɗaure shi ne da maslaharsu. Dokar da aka kafa don tsare rai, in ta koma hanyar tatsar direbobi a shingaye, ta rasa albarkarta, kuma mai karɓa da mai bayarwa duk sun shiga cikin abin da Annabi (SAW) ya tsine a kansa na rashawa. Dokar da ta kama mai tsohuwar tasi ta ƙyale mai babbar mota mai duhun gilashi, ita ma ta koyar da jama'a raina doka. Kuma wanda ya ce wa mutane su ɗaura, a kansa yake ya cike ramukan hanya, ya duba lafiyar motocin haya, ya hana lodin da ya wuce kima, ya tanadi motar ɗaukar marasa lafiya. Mai motar haya da ya cire ɗamaru ko ya cusa mutum biyu a kujerar mutum ɗaya, ya hana fasinja abin da zai kare kansa da shi, nauyin yana wuyansa. Sai dai gazawar hukuma ba ta sauke maka naka ba. Ramin da ba a cike ba, dalili ne na ƙara ɗaurewa.

Tawakkali ba ya kore riƙo da sababi

Yanzu ga maganar da ta fi shafarmu. Wallahi mun yi imani babu ran da zai mutu kafin ajalinsa, babu ɗamarar da za ta ƙara wa mutum daƙiƙa guda a kan abin da aka rubuta. Amma wa ya gaya maka abin da aka rubuta? An ɓoye maka ƙaddara, an bayyana maka umarni. Aikinka yana wajen abin da aka bayyana.

Ka dubi Shugaban masu tawakkali (SAW). Da zai yi hijira ya shirya raƙuma, ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya da lada, ya nufi kudu alhali Madina tana arewa, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru, aka tsara mai kawo labari da mai kawo abinci da mai shafe sawu da tumaki. Ranar Uhudu sulke biyu ya sa, ɗaya bisa ɗaya. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambaye shi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, ya umarce shi da ya haɗa biyun, ɗaurewa da dogara. Annabi Yaƙuba (AS) ya umarci ƴaƴansa su shiga Masar ta ƙofofi daban-daban, tare da shaida musu cewa wannan ba zai tunkuɗe hukuncin Allah ba, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf. Shin akwai wanda yaƙininsa ya fi na waɗannan a cikinmu?

Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya samu labarin annoba a wani wuri da ake kira Sarga, ya yanke shawarar komawa da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa inda za su koma ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma an san wanda mai hankali zai zaɓa. Haka nan wanda ya ɗaura ya tsira, da ƙaddara ya tsira. Wanda ya ƙi ya halaka, da ƙaddara ya halaka, amma za a tambaye shi sakacinsa.

Malaman tasawwufi ba su bar wannan babi a duhu ba. Imamu Gazali a Ihya'u ya rarraba sabubba zuwa tabbatattu, da waɗanda ake kyautata zaton amfaninsu, da na wahami kawai. Ya bayyana cewa kwana a dajin namun daji, ko a magudanar ruwan kwari, ko ƙarƙashin katangar da ta karkata, abin hani ne, kuma barinsa ba ya rage tawakkali. An ruwaito daga Sahalu Tustari cewa tawakkali halin Annabi ne, neman sababi kuma sunnarsa, don haka mai da'awar halinsa ba ya barin sunnarsa. Ibnu Aɗa'illahi kuwa ya gargaɗi muridin da Allah Ya tsayar cikin sabubba amma yake son ya tuɓe su da kansa, ya ce wannan ɓoyayyiyar sha'awar rai ce. Mazaunin tawakkali zuciya ne. Hannu ya ɗaura, zuciya kuma kada ta dogara da abin da hannu ya ɗaura.

Mu gwada kanmu da gwaji mai sauƙi. Mai cewa tawakkali ya hana shi ɗamara, yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu? Yana sa wa wayarsa lambar sirri? Yana taka birki in ya ga raƙumi a kan hanya? In amsar e ce, to tawakkalinsa ya tsaya ne a inda ransa ya ji nauyi, wannan kuwa sunansa kasala. Haka mai cewa albarkar Shehu na tare da mu a wannan tafiya. Muna fatan albarkar bayin Allah, ba mu musa ta ba. Amma son Shehu bin tarbiyyarsa ne, kuma tarbiyyar duk shehin gaskiya tana komawa ga sunna. Ba ladabi ba ne muridi ya yi ganganci sannan ya jingina sakamakon ga waliyyai.

Wa kake ɗaurawa dominsa?

Mu koma ga matar nan da Sayyidina Umar ya ce ta zauna a gida. Ruwayar ta ci gaba da cewa bayan rasuwarsa wani ya zo ya ce mata wanda ya hana ki ya mutu, ki fito. Ta ƙi, ta ce ba za ta yi masa ɗa'a yana raye ta saɓa masa bayan ya mutu ba. Ka auna wannan baiwar Allah da mai ɗaura ɗamara a gaban shinge ya kwance a bayansa.

Gaba ɗayan tafiyar da muke yi a ɗariƙa, neman maƙamin ihsani ne, wato bawa ya rayu da sanin cewa Allah na ganinsa. Wannan muraƙaba ba a kan buzun sallah kaɗai take ba. Wanda idon jandarma ya fi tasiri a zuciyarsa fiye da ganin Ubangiji, ya san inda aikinsa ya rage, ko da tasbaharsa ta kai dubu. Kuma da niyya ake mayar da al'ada ibada. Wanda ya jawo ɗamara da nufin tsare amanar Allah, da tausayin iyalinsa, da kiyaye abokan tafiyarsa, yana cikin ɗa'a tun daga tasha har masauki.

A nan ne ma'anar ƴanci take fitowa a wurin mutanen Allah. Imamu Ƙushairi ya ware babi guda a Risalarsa a kan ƴanci, abin da yake nufi da shi kuwa kuɓutar bawa daga bautar abin halitta da son zuciya. Ka tambayi kanka da gaskiya, wace murya ce ke hana ka ɗaurawa? Kada a ce ni matsoraci ne. Kada direba ya ga ban yarda da tuƙinsa ba. Kada rigata ta yamutse kafin in isa wajen ɗaurin aure. Babba kamar ni ba a ɗaure shi. Duk waɗannan muryoyin rai ne: riya, da girman kai, da tsoron bakin mutane. Wanda ya bi su yana cewa shi mai ƴanci ne, igiya ce a wuyansa bai gani ba. Muridin da ya iya tashi da asuba cikin sanyin hunturu don lazimi, bai kamata wannan ƙaramar mujahada ta kayar da shi ba.

Abin da ya rage mu yi

Akwai masu tsoron cewa ɗamara za ta riƙe su in mota ta kama wuta ko ta faɗa ruwa. Irin wannan haɗari kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da karo da kifewa, kuma ko a cikinsa, wanda ɗamara ta hana kansa buguwa shi ne ke cikin hayyacinsa har ya kwance ya fita. Masu cewa gara a cillo su waje, su sani wanda aka cillo shi ne ya fi kusa da mutuwa. Masu cewa nan da kasuwa ne kawai, su tuna misalin bene mai hawa uku a gudun cikin gari muka yi shi.

Ga iyayenmu mata da ƴan uwanmu mata: mai juna biyu ita ma tana ɗaurawa, ta sa ta ƙasa a ƙarƙashin ciki bisa ƙugu, ta sama kuma ta bi tsakiyar ƙirji. Kada a rungume yaro a kujerar gaba, domin lokacin karo babu hannun uwa da ke iya riƙe shi duk son da take masa. Wurin yara baya ne, a ɗaure. Masu babur da kabu-kabu kuma, hular kwano ita ce ɗamararku, hukuncin ɗaya ne.

Ga masu shirya ayarin ziyara zuwa Kiyota ko Kaulaha, ko maulidin garuruwa: ku ne makiyaya a wannan tafiya, kuma kowane makiyayi abin tambaya ne. A zaɓi mota mai lafiya, a ƙirga kujeru kafin a ƙirga mutane, a bar direba ya yi barci, a hana tsere don a riga wata zawiya isa. Sauri ya haifi nawa. Direba ya tuna kisan kuskure ma yana da diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 92. Muna roƙon iyayenmu muƙaddamai, cikin ladabi, su riƙa ambaton wannan bayan wazifa da zikirin Juma'a. In almajirai suka ga malam ya ɗaura a gaban mota kafin ya yi addu'ar tafiya, wannan ya fi wa'azi goma. Kai kuma ɗan uwa, in ka ga na kusa da kai bai ɗaura ba, ka tunatar da shi da tattausan harshe, in dattijo ne ka ce: "Baba, bari in taimaka maka da wannan." Kunyar minti ɗaya ta fi zaman makoki sauƙi.

Ya Allah Ka tsare matafiyanmu a tudu da ruwa da sama. Ka jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanyoyinmu, Ka ba majinyata lafiya, Ka rufa wa marayunsu asiri. Ka shiryar da shugabanninmu da jami'anmu zuwa ga adalci da tsoronKa. Ka ba mu tawakkali na gaskiya tare da bin sunna, Ka sa mu mayar maKa da amanarKa ba tare da mun yi sakaci da ita ba. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.